Kundin gyaran IBM 5160: daga akwatin wuta zuwa faifan ajiya

4 ga Janairu

Kwamfutar da ke kan tebur IBM PC XT ce, mai lamba 5160, samfurin da IBM ya fara fitarwa a watan Maris na 1983. Yau buɗewa da dubawa kawai aka yi, ba a jona ta da wuta ba.

Abin da aka samu a ciki: babban allo mai rubutun 64-256KB a gefensa, aisin (wato IC) Intel 8088, wanda shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar, gurbin aisin lissafi na 8087 babu kowa, guraben kati takwas, katin hoto na MDA, katin fulofi, katin Xebec na faifan ajiya, da gajeren katin siriyal a gurbi na takwas. A gaba akwai injin fulofi Tandon TM100-2 mai cin 360KB da faifan ajiya Seagate ST-412 mai 10MB. Ta zo da monitanta kore, IBM 5151, da kibod Model F mai madannai 83.

Abu mafi muhimmanci a binciken yau shi ne takardar da ke manne a bayan akwatin wuta. Akwatin mai wat 130 ne, na kasuwar Amurka, wato na wutar bolt 115, kuma ba shi da makunnin sauya shi zuwa 230. Bakin wayarsa kuwa irin na kwamfutocin yau ne sak, duk wayar da ke kusa za ta shiga. Wanda ya ɗauki waya ya soka a bango a Kano ko Maraɗi ya gama da akwatin cikin ƙiftawar ido. Monitan ma haka, domin ba shi da makunni nasa, daga jikin akwatin wutar yake sha. An manna takarda mai jan rubutu a kan bakin, an kuma tanadi taransifoma mai rage wuta ta wat 500.

An kakkaɓe ƙura da burushi mai laushi. Da yake hunturu ne kuma iska a bushe take, jiki na tara lantarki fiye da kima, saboda haka duk mai taɓa allo sai ya ɗaura igiyar sauke lantarki a hannu.

5 ga Janairu

Awo da mita, har yanzu babu wuta. An zare P8 da P9, filogi biyu da ke kawo wuta daga akwatin wuta, daga babban allo, an cire katunan duka, an auna tsayayyar kowane layi zuwa ƙasa a kan filogin allon.

Layin +5 ya ba da ɗaruruwan om, lafiya. Layin -5 da na -12 su ma babu abin damuwa. Layin +12 kuwa ƙasa da om ɗaya, ko an juya wayoyin mita haka yake. Shot ne ƙarara.

A wannan allo wanda ake fara tuhuma shi ne C56, kondensar tantalum mai ƙafa uku, maikurofarad 10, bolt 16, wadda ke kan layin +12. 'Yar'uwarta C58 tana kan layin -12. Irin waɗannan idan sun tsufa ba sa kumbura ko yoyo kamar kondensar gwangwani da aka saba gani a rediyo; haɗewa suke yi ta ciki, a waje kuma suna nan sumul kamar sababbi. Wani lokaci sai an ba su wuta su fashe da ƙara da tartsatsi. An ɗaga C56 da ƙarfen dalma, shot ya ɓace nan take, ita kuma da aka auna ta a hannu ta nuna sifili.

Ƙafafun ukun suna rikita mutane. Ta tsakiya ita ce mai alamar tarawa, biyun gefe kuma duk na ragewa ne, an yi haka ne don kada a juya ta a masana'anta. Idan za a sa mai ƙafa biyu, ƙafar tarawa ta shiga ramin tsakiya, ɗayar ta shiga kowanne na gefe. An sa sababbi masu bolt 25 a C56 da C58 duka. Bolt 16 a kan layin 12 tazara ce ƙarama ga tantalum, shi ya sa waɗannan biyun suka fi sauran mutuwa. Na layin +5 an bar su yadda suke. Allon mai hawa-hawa ne, ramukan ƙasa suna shan zafi sosai, kuma kowace cirewa kasada ce ga layukan tagulla. Babu dalilin taɓa abin da ke aiki.

Ramin ƙasa na C58 ya ƙi buɗewa da farko. Ƙara sabuwar dalma a kai, sannan a zuƙe, shi ya buɗe shi. Matsa ƙarfe da ƙarfi ba ya ƙara komai sai ɗaye tagulla.

11 ga Janairu

Akwatin wuta shi kaɗai. Kusoshinsa Torx ne masu ɗan tsini a tsakiya, sai da bakin sukudireba mai rami. Kafin hannu ya shiga an auna manyan kondensoshin ɓangaren shigar wuta, an tabbatar babu sauran caji. An duba matatar shigar wuta ko akwai kondensar takarda irin ta RIFA, mai jiki kamar ƙaro, wadda kan tsattsage ta cika ɗaki da hayaƙi. Babu ita a wannan akwatin. Babu kumburi, babu tabon ƙuna, fiyus lafiya.

Wannan akwatin ba ya tashi idan babu kaya a kansa, kuma da yawa an yanke masa hukuncin mutuwa a kan haka alhali lafiyarsa ƙalau. An ɗaura masa wani tsohon faifan ajiya da ba a damu da shi ba, da ƙwan mota mai wat 21 a layin +5. Ta taransifoma aka kunna. Fanka ta tashi. Awo: +5.08, +12.1, -4.9, -11.8. Wayar farko ta P8, wadda ke shaida wa allo cewa wuta ta daidaita, ta hau kusa da bolt 5. Idan wannan wayar ba ta hau ba, aisin 8284, mai ba da bugun agogo, zai riƙe 8088 a tsaye har abada, ko da sauran layukan duk daidai suke.

An bar shi awa ɗaya a kunne, lambobin ba su motsa ba.

12 ga Janairu

Kunnawa ta farko da babban allo. Allo, lasifika da akwatin wuta kawai. P8 da P9 suna iya shiga a juye, ƙa'idar ita ce baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya.

An saita SW1, jerin ƙananan makunnai takwas na saiti da ke kan allo, kamar akwai MDA, wato makunni na 5 da na 6 duk a kashe, amma ba a sa katin ba. Da gangan aka yi, domin idan allo na da rai zai nemi katin ya rasa, ya yi kuka. Haka kuwa aka yi: doguwar ƙara ɗaya, gajeru biyu. Wannan kukan ya tabbatar da abubuwa da yawa a lokaci guda. Kiristal mai 14.31818 MHz yana bugawa, 8284 yana raba shi uku ya ba da 4.77, 8088 yana karanta BIOS, shirin farawa da ke cikin ROM, kuma farkon RAM lafiya yake. Da a ce aisi ɗaya ya mutu a farkon layin RAM na 0, da shiru za a ji, allon ya zama tamkar gawa.

Saitin SW1 gaba ɗaya, don kada a sake nema: 1 a kashe; 2 a kunne tunda babu 8087; 3 da 4 a kashe, layukan RAM huɗu cike; 5 da 6 a kashe; 7 da 8 a kunne, injin fulofi ɗaya.

An auna kowane kati kafin a mayar da shi, babu mai shot. Da katin MDA da monita, koren haske ya fito bayan 'yan daƙiƙoƙi, ƙidayar RAM ta fara a kusurwar hagu ta sama. Gargaɗi ga mai katuna biyu: bakin MDA da na CGA, katin hoto mai launi, iri ɗaya ne, fil tara, amma 5151 yana gudu a kan kusan 18.4 kHz, CGA kuwa 15.7. Soka wannan monitan a katin CGA na iya ƙona monitan.

Ƙidayar ta tsaya da wannan:

20000 08 201

14 ga Janairu

Lambar 201 kuskuren RAM ce, kuma XT tana faɗin inda ciwon yake. Kowane layi 64KB ne, aisi tara na 4164, takwas na bayanai ɗaya na tantancewa. 00000 layi na 0 ne, 10000 na 1, 20000 na 2, 30000 na 3. Lamba ta biyu kuma tana nuna aisin: 01 shi ne bit 0, 02 bit 1, 04 bit 2, 08 bit 3, haka har 80 wanda yake bit 7. To, layi na 2, bit 3.

Ba a yi saurin jefar da shi ba, domin sau da yawa laifin na soket ne. An ɗaga shi a hankali ta gefe biyu, an goge ƙafafunsa da suka yi duhu, an mayar. Kuskure bai canja ba. Sai aka musanya shi da maƙwabcinsa na bit 4. Saƙon ya koma 20000 10 201. Ciwon ya bi aisin, ke nan soket ba shi da laifi. An sa wani 4164 mai saurin 150ns, ƙidaya ta kai 256 KB.

Dabarar ɗora sabon aisi a kan tsoho don gwaji ba abin dogaro ba ce. Tana aiki idan tsohon ya daina magana ne, amma idan ya maƙale yana jan layin ƙasa, na saman ba zai rinjaye shi ba.

Bayan RAM sai 601, lambar kuskuren fulofi, ta fito, ita kuma ana sa ranta tunda katin fulofi na waje. Kafin ita akwai wata: 1E 301.

18 ga Janairu

301 kibod ne, lambar da ke gabanta kuma lambar madannin da ya maƙale ce. 1E harafin A ne. An zare hular madannin, sai ga sifirin ɗinsa ya karkace ya kama gefe. An miƙar da shi, an ɗaga gaban kibod ɗin sama yadda sifirin zai faɗo tsakiya, aka mayar da hula. Ƙarar "ƙyas" ta dawo.

Sai dai kuma haruffa suna fitowa da kansu jefi-jefi. Model F ba ya aiki da haɗuwar ƙarfe da ƙarfe, canjin caji yake aunawa a ƙarƙashin kowane madanni, don haka idan haɗinsa da ƙasa ya yi rauni sai ya riƙa ganin danni inda babu. Kusar da ke ɗaure wayar ƙasa da farantin ƙarfe ta saki, ga tsatsa a ƙarƙashinta. An kankare, an ɗaure tam, haruffan banza suka daina.

Soson da ke tsakanin farantan biyu ya fara rugurgujewa a gefe, amma ba a buɗe ba. Raba farantan Model F na XT aiki ne na yini guda, kuma mayar da dogon madannin tazara shi ne wurin da aka fi karya abu. Tunda duk madannai 83 suna amsawa, a bar shi. Shi dogon madannin ma ba a zare shi ta sama kamar sauran.

Ba tare da faifai ba, kwamfutar ta faɗa BASIC na cikin ROM, C1.10. Daga nan aka karanta ranar BIOS: DEF SEG=&HF000, sannan PEEK daga &HFFF5 har haruffa takwas. Ta ba da 11/08/82.

25 ga Janairu

Injin fulofi. An mayar da kati da waya, 601 tana nan. Fitila na kamawa, mota na juyawa, amma kan karatu ba ya motsi, sai gurnani. Da aka kashe aka tura shi da yatsa, da ƙyar yake tafiya: tsohon giris ya daskare a kan sandunan ya zama kamar ƙaro. An wanke su da sifirit isofurofil mai kashi 99, an shafa ɗan man keken ɗinki kaɗan, an yi ta kai da komo har ya saki. Kada a kwance kusar da ke riƙe da motar taka-taka ko abin da ke ɗaure a sandarta. Daidaiton layukan faifai a nan yake, kuma idan ya goce sai da faifan saiti na musamman da osiloskof.

An goge kawunan biyu da auduga mai sanda, a hankali, ba tare da ɗaga na sama fiye da inda yake tsayawa ba. Abin da ya fito ruwan ƙasa ne, burbushin tsofaffin faifai. 601 ta tafi.

Saura gudu. Dole faifai ya yi juyi 300 a minti. A ƙarƙashin TM100 akwai zanen zobe biyu a kan faifan da bel ke ja, ɗaya na 60 ɗaya na 50. A ƙarƙashin doguwar fitilar fulorasan, idan gudu daidai ne, zoben da ya dace da wutar gari zai yi kamar ya tsaya cak, kuma a nan na 50 ne. Amma wannan dabara ta dogara ne da wutar ta kasance 50 Hz cif. A kan janareta ba haka take ba, tana hawa tana sauka gwargwadon kaya, kuma wanda ya saita inji da ita ya saita shi ne da gudun janareta. Saboda haka aka bi ta wata hanya: fil na 8 a wayar fulofi yana bugawa sau ɗaya a kowane juyi, idan ramin faifai ya wuce. Tsakanin bugu da bugu ya kamata ya zama milisakan 200. An samu 207. Bel ɗin bai saki ba, ƙura ce ta sa shi santsi. Bayan wanke shi da ɗan juya abin saitin da ke kan ƙaramin allon mota, ya zauna a 200.

Faifan PC DOS 3.30 ya tashi. Faifai masu alamar HD ba sa aiki a wannan inji ko an yi musu fomat, sai DD. Kuma faifan 360KB da aka rubuta a injin 1.2MB yakan ba da wahala, domin kan wancan siriri ne, yana rubutu a tsakiyar tsohon layi ya bar gefensa, shi kuma Tandon mai faɗin kai sai ya karanto duka biyun a cakuɗe. Duk tsohon faifan da aka ga ɗigon fumfuna a jikinsa kada ya shiga inji, zai shafe kan da aka wanke yanzu.

1 ga Fabrairu

ST-412. An auna layukan wutarsa, babu shot. Wayoyi biyu ne zuwa katin Xebec, mai fil 34 ta umarni da mai fil 20 ta bayanai, jan gefe a fil na 1. Ya juya, ya kai gudunsa, sai 1701, lambar kuskuren faifan ajiya.

Da kunne aka gano wannan. Bayan faifai ya kai gudu ya kamata a ji motar kawuna ta ja su zuwa layin sifili, amma ba a ji komai ba sai ɗan rawar jiki. Man da ke bakin sandar motar ya bushe. An ɗiga ɗigo ɗaya na mai mara kauri a bakin sandar, aka bar faifan yana juyawa minti 20 ya ɗumama, aka kashe aka kunna. A karo na uku motar ta motsa, 1701 ba ta dawo ba. Ba a juya sandar da hannu ba, domin idan faifai a tsaye yake kawunan suna kwance ne a kansa, jan su a haka karce ne. Murfin ma ba a buɗe ba, kuma ba za a buɗe ba.

C: ta buɗe, DIR ya nuna fayiloli. Wasu suna karantuwa, wasu suna ba da kuskuren karatu. An kashe nan take. Babu umarnin gyaran faifai na CHKDSK /F, babu rubuta komai, sai an kwashe abin da ke ciki.

8 ga Fabrairu

Katin XT-IDE, mai haɗa XT da ma'ajiyar zamani, ya iso, da ƙaramin katin ajiya na CF mai 64MB. An saita shi a adireshin 300h, ROM ɗinsa a D000, don kada ya yi karo da Xebec wanda ke 320h da C800. An sa shi a gurbi na biyar. Gurbi na takwas a XT daban yake da sauran, yana buƙatar kati ya ba da wata alama ta musamman kafin allo ya saurare shi, shi ya sa IBM ke sa katin siriyal a can, kuma yawancin katuna ba sa aiki a ciki.

DOS 3.30 ba ya wuce 32MB a kashi ɗaya, don haka an raba CF biyu. An kwashe fayilolin ST-412 da XCOPY, babban fayil bayan babban fayil. Guda bakwai sun ƙi da farko. Bayan faifan ya yi minti 40 a kunne, biyar daga ciki sun karantu. Wannan ya nuna inda matsalar take. Faifai mai motar taka-taka ba ya bin layi da ido, ƙidayar taku kawai yake yi, kuma ƙarfe na miƙewa da zafi. Bayan shekara arba'in, inda kai ke sauka da inda aka rubuta layin sun ɗan saɓa. Biyun da suka rage an haƙura da su.

9 ga Fabrairu

Fomat na tushe, wanda zai sake shata layukan a inda kawunan ke sauka yanzu. Umarnin DEBUG na G=C800:5 da aka saba da shi a katunan Western Digital ba ya aiki a nan, katin Xebec na IBM ba shi da wannan shirin a ROM ɗinsa. Da faifan Advanced Diagnostics na IBM aka yi. An ɗaure faifan a mazauninsa, a kwance yadda zai zauna, an bar shi awa ɗaya a kunne tukuna. Silinda 306, kai 4, sashe 17 a kowane layi. An kwafe jerin wuraren da masana'anta ta rubuta a takardar jikinsa cewa suna da aibi, an tabbatar an killace su ko da gwaji bai kama su ba, domin irinsu kan wuce gwaji yau su ci bayanai gobe. Sannan FDISK, sannan FORMAT C: /S. CHKDSK ya nuna 'yan kilobait a wuraren da aka killace, ba su ƙaru ba bayan zagaye uku na gwajin karatu.

Wannan faifan ba ya janye kawunansa da kansa idan an ɗauke wuta. An sa ƙaramin shirin fakin a tushen C:, a riƙa gudanar da shi kafin kashewa, musamman idan za a ɗaga kwamfutar. An kuma sa UPS kafin taransifoma, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu.

22 ga Fabrairu

Ƙarin RAM zuwa 640KB a kan allon kansa, ba tare da cin gurbin kati ba. Kayan aiki: aisi 18 na 41256 masu 150ns, da 74LS158 guda ɗaya. An cire 4164 na layi na 0 da na 1, an sa 41256 a madadinsu. 74LS158 ya shiga soket U84 da ke zaune babu kowa. An haɗa rami na 1 da na 2 a wurin da aka rubuta E2 a kan allo da guntuwar waya. SW1 bai canja ba. Lissafin: 256 da 256 da 64 da 64.

Kunnawar farko shiru, ko ƙara babu. An kashe, an bi aisin ɗaya bayan ɗaya da fitila, sai ga ƙafa ɗaya a layi na 0 ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin jikin aisin maimakon ramin soket. Daga sama ba a ganinta sam. Sababbin aisi ƙafafunsu a buɗe suke zuwa, sai an ɗan danna su a kan tebur sun miƙe kafin a soka. An gyara, ƙidaya ta tafi har 640 KB, ƙara ɗaya gajera, C> ta fito.

An bar gwajin RAM yana zagayawa awa shida da murfi a rufe, babu kuskure. Layin +12 ya tsaya a 12.0 da faifan ajiya da fulofi duk suna aiki. 4164 guda 18 da aka cire an jera su a soso mai hana lantarki, su ne kayan canjin layi na 2 da na 3.

Abin da ya rage: hoton 5151 ya ɗan matse daga sama, kuma haskensa na rawa a minti biyar na farko. Za a buɗe shi a mako mai zuwa, bayan an tanadi sandar sauke cajin kwalbar hoto. Za a fara da duba dalmar da ke ƙafafun taransifomar babban caji da kondensoshin ɓangaren tsaye.